Sau Biyar Muke Wanke Ta, Ba Mu Taɓa Kallon Ta Ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na makara zuwa masallaci, sai na samu wuri can sahun baya, a waje, inda rana ke dukan mutum a ƙeya. Da aka yi sujada na riga jama'a ɗago kai da ɗan kaɗan, Allah Ya yafe mini, sai ga ni ido da ido da dugadugan mutanen garinmu, jere reras kamar an shanya kifi a bakin tafki. Jama'a, na ga abin al'ajabi. Na ga shadda mai maiƙo wadda kuɗinta zai sayi tunkiya, na ga hula ta sha kari, turare kuwa har yana hawa kai, amma a ƙarƙashin wannan ado duka akwai fason da in dala ta faɗa ciki sai an nemo tsinke a zaƙulo ta. Wani dunduniyarsa ta yi fari fat kamar ya taka toka, wani ta tsattsage kamar laka bayan ruwa ya janye, wani kuma babban yatsansa na ɗaure da ƙyallen da ya ga jiya ya ga yau. Dariya ta zo mini har wuya, sai na tuna wanda ke bayana shi ma nawa yake kallo, na haɗiye abata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To tunda duk kanwar ja ce, ku matso mu yi maganar a tsakaninmu, ba sai mutanen Maraɗi sun ji ba, kun san halinsu, yanzu sai su mai da mu abin hira a tasha, alhali su ma nasu a cikin safa kawai suke ɓoyewa. Mu ƴan Madarunfa Allah Ya yi mana baiwa, ga tafki, ga kaburburan waliyyai 99 da ake tahowa ziyara daga nesa, har tun 2006 ƙasarmu Nijar ta sa wurin cikin jerin waɗanda take son UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Duk baƙon da ya zo sai mun kai shi bakin ruwa ya ga masunta, mu cika shi da soyayyar karfasa, mu raka shi har mota muna ɗaga hannu. Abin da muka taka muka raka shi da shi ne kawai ba mu so ya sunkuya ya duba.

Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, wa ya kai mu wanke ƙafa? Sau biyar a yini, wanda ba ya riƙe alwala in ya lissafa shekara guda ya wanke ta sau 1,825 ke nan, ban da wanka, ban da ranar da ya taka kashin kaji. Amma a tambayi ɗayanmu rabon da ya zauna ya tanƙwaso tafin ƙafarsa ya dube shi da idonsa, sai ya yi shiru yana tunani kamar an tambaye shi ranar da aka yaye shi. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ita ƙafa ma ko ganin ba ta samu ba, rainin kawai ta samu. Kun san yadda muke yi ai. Liman ya kusa ruku'u, mutum na tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, buta a hannu, ya tsiyaya, ya shafa sama-sama, ya cusa ƙafar jiƙe sharkaf cikin silifa ya ruga yana tafiya tana faca-faca. A makarantar allo Malam ya koya mana tsettsefe yatsu, ya ja mana kunne kan barin dunduniya a bushe, wasunmu har yau da tabon bulalar wannan darasi. Wannan mun riƙe, ko ba duka ba. Abin da babu wanda ya taɓa koya mana shi ne bayan an idar a tsane tsakanin yatsun nan, sai mu bar ruwa ya kwana a lungu, da damina ta zauna sosai wurin ya yi fari ya yi laushi ya dare, ƙaiƙayi ya hana mutum barci, mu ce ruwa ya ci mana ƙafa, kamar ruwan ne ya biyo mu har ɗaki da wuƙa. Wani ƙanena da ya karanci aikin jinya ya ce wata irin funfuna ce ke son danshi da ɗumi, kuma tana bin takalmi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Nan take na tuna silifan ƙofar banɗakin gidanmu, ɗaya shuɗi ɗaya ja, duka na ƙafar hagu, wanda tun daga mai gida har almajirin da ke ɗebo mana ruwa kowa ke sawa.

Shi dai ƙanen nan nawa ya ce a jikin babban mutum ƙasusuwa 206 ne, 52 daga ciki suna ƙafafun nan biyu, kowace da 26, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashinmu a can ƙasa yake. Na ce to lalle mun iya rabo, kai ya samu hular jika goma, kashi ɗaya cikin huɗu na jiki ya samu silifan da bai kai jika guda ba. Ku dubi yadda ɗan kabu-kabu ke yi wa motonsa, kullum safiya sai ya wanke shi, ya goge, ya duƙa ya latsa taya ya ji iska, ya leƙa ko ƙusa ta shiga. Ragon layya yana samun wanka da sabulu da dussa mai gishiri. Wayar hannu an saya mata riga, an liƙa mata gilashi, in ta faɗi ƙasa sai ka ji salati kamar yaro ya faɗa rijiya. Ita kuwa wadda ta kai mu kasuwa muka sayo wayar, in ta yi tuntuɓe har farce ya ɗaga, tsaki kawai za mu ja, mu barbaɗa mata ƙasa mu wuce.

Faso kuwa, a nan ne basirarmu take fitowa. Hunturu na kamawa, iskar nan mai tsotse jiki ta fara kaɗowa, kowane gida sai ya zama likita. Akwai masu baƙin mai na inji, wanda aka juye daga moto, a dangwala da tsinke a cika ramin. Akwai masu fasa tsohon batir su kwashe baƙin garin ciki su cusa. Akwai masu ɗiga narkakkiyar leda ko kyandir, mutum ya rintse ido yana cije leɓe yana cewa zafin shi ne maganin. Samarin yanzu sun ci gaba, su gam ɗin nan mai kamawa nan take suke sawa, su matse bakin fason da yatsu su ƙirga goma, sai ka ce gyaran kofin shayi. Amma duk cikinsu ban ga gwani irin wani kawuna ba, Allah Ya jiƙansa. Shi in faso ya ishe shi sai ya sa a kawo masa allura da baƙin zare, ya zauna a zaure inda haske ke shigowa, ya ɗora ƙafa kan gwiwa, ya laƙaba tabarau, ya shiga ɗinki tsakaninsa da Allah kamar mai ɗinkin buhu. Ina yaro na tsaya a kansa ina kallo, na ce, "Kawu, ba zafi?" Ya ce, "Kai ɗan nan, tafi ka ba ni wuri. Wannan ai ba nama ba ne, ƙahwar manomi ce." Yana gamawa ya ciza zaren ya tsinke, ya taka ya gwada, ya ce ta yi. Bayan kwana uku ɗinkin ya ɓalle, fason ya ƙara baki, ya ce zaren zamani ne ba shi da ƙwari.

Duk wannan wahala kuwa ga man kaɗe can a ɗakin Inna cikin ɗan gwangwani, ga basilin a kowane tebur na bakin hanya, amma ina, namiji da shafa mai a ƙafa? Sai ka ce amarya. Mun mai da kaushi lambar girma, wanda tafinsa ya fi tauri shi ne ya fi zama namiji, har a fada za ka ji ana cika baki, wai wane yana taka garwashi bai sani ba. Matan gida su suka san gaskiyar lamarin, don su ke jin ƙarar da dare, in mai gida ya juya ya ja ƙafa a kan bargo ka ji ƙiiii kamar ana yage atamfa. Wata gwaggona ta ce ita ba ta taɓa zargin ɓera ba a kan hujin gidan sauronsu, ta san ɓeran, da shi take kwana. Ga shi an ba mu gidan sauro don mu tsira daga zazzaɓi, dunduniya ta buɗe wa sauro ƙofar baya. Su ma matan kada su yi mana dariya da yawa, don mun gani. Sai biki ya matso ake neman dutsen goge kaushi, a yini ana dirza, a ƙunsa lalle har idon sawu, a fito ƙafa kamar ta jariri, ana watsewa daga biki a jefa dutsen bayan randa sai wani auren. Wasu kuma garin son baƙin zane mai kama ido a haɗa musu da sinadarin rinin gashi, kwana biyu fata ta tashi ta yi ƙuraje, a ce bakin mutane ne.

Alhali sirrin faso ba wani mai nisa ba ne. Fatar tafin ƙafa ba ta fitar da maiƙo irin na fuska ko na ka, gumi kawai take yi, to in ta yi kauri ta bushe, ga nauyin mutum yana danna dunduniya tana bajewa a kan silifan da ba shi da baya, dole ta tsage, kamar yadda busasshen ƙullu ke yi in an danna shi. Maiƙon da ba ta da shi ne take roƙo, mu kuma muna ba ta batir.

Takalmi ma labarinsa daban. Mu ne za mu sayi sabon takalmi mu riƙe shi a hannu ko mu ɗora a kan kaya, mu tako ƙasa huhu tun daga ƙauye, sai an hango rumfunan kasuwa a karkaɗe ƙafa a saka, saboda takalmi da kuɗi aka saya, ƙafa kuwa kyauta aka samu. Mu ne za mu saya wa yaro takalmin Salla wanda ubansa ma zai iya sawa, a cusa tsumma a gaba a ce zai girma ya tarar, yaro ya yini yana jan sa kamar kwale-kwale, kafin ya girma ya tarar takalmin ya mutu. Mu ne kuma in namu muka je saye muka ga mai kyau a gwanjo ya matse mu, mai kaya ya ce "Alhaji, zai saki," mu yarda, mu yini ranar Idi muna murmushi da baki muna kuka da yatsu. Da mun sani da yamma ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, amma mu da sassafe muke zuwa don kada a riga mu. In igiyar silifa ta tsinke, wa zai yar? A nemo ƙusa ko guntun waya a soke ta ƙasa, shi ke nan an yi gyara, mutum ya riƙa yawo da ƙusa a ƙarƙashin yatsansa wata uku, ranar da ta juya ta soke shi ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A masallaci kuwa mun san dokar da ba a rubuta ba, in ka fito ba ka ga naka ba ka ɗan jira kaɗan don kunya, sannan ka zura wanda ya fi kama da shi, ka tafi gida da takalmin wani da ƙaiƙayin wani.

Ƙasarmu kuma ba ta wasa da mai tafiya huhu. Ga ƙarangiya, ga tsidau mai kwanciya a hanya kamar an aiko shi, ga ƙayar aduwa mai tsinin da ke huda roba ta tarar da nama, ga kututturen gero bayan girbi, ga kunama da ke neman takalmin da aka bari a waje ta kwana ciki. Waɗanda ke shiga dajin Babban Rafi neman itace ko kiwo su za su ba ku labarin sauran. Shi ya sa da can dattijo ba ya rabuwa da matsefata, tana rataye tare da layu. Yanzu mun bar matsefata mun koma allurar ɗinki da reza, a tona a tona, in ƙayar ta ƙi fita a ce a bar ta, in ta yi ruwa za ta fito da kanta. In ƙusa ce aka taka kuwa an san tsarin, a samo takalmi a yi ta bugun wurin har jini ya fito, a zuba kananzir ko man birki, a ɗaure da tsumma, a koma gona cikin taki. Na yi wannan da kaina shekarun baya, na kwana biyu ina ɗingishi ina cewa da sauƙi, sai da ƙafar ta yi suntum har kaluluwa ta fito mini a matsematsi sannan na tafi likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya kwance tsumman ya kawar da kai, ya ce, "Malam, ƙafar taka ce ko aro ka yi?" Shi ya faɗa mini cewa ciwon nan mai sandarar da jiki ya ƙulle muƙamuƙi, wanda suke kira tetanos, ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, rami mai zurfi mai ƙaramin baki irin na ƙusa shi ta fi so, kuma kananzir ba ya yi mata komai. Ruwa mai tsabta da sabulu, sannan a zo a yi allura. Na ce to ai da sauƙi. Ya ce da sauƙin ne ya sa ba ku yi.

Tsofaffinmu dai sun ga abin da ya fi wannan. Ku tambaye su kurkunu, ku ga yadda fuska ke canzawa. Tsutsa ce fara, siririya, tana kai tsawon mita guda, ta ɓullo a ƙafa ko a ƙwauri daidai lokacin da ake bukatar mutum a gona, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, in ta tsinke a ciki kuwa sai abin da Allah Ya yi. An sha ɗora laifin a kan abin da aka taka, ashe ta baki take shiga, a ruwan tafki da na kududdufi da ba a tace ba, ta yi kusan shekara a jiki kafin ta nemi hanyar fita. Lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙi da ita a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a duniya. Da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyi da hana mai ciwo tsoma ƙafa a inda ake ɗiba aka ci ƙarfinta, har a Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da ita. Yaran yanzu ko sunan ba su sani ba, alhamdu lillahi. Ita kuwa tsargiya da muke ɗauka ciwon mara ce, ta fata take shiga, sau da yawa ta ƙafar da ta daɗe tsaye a ruwan da ba ya gudu inda ƙananan dodon koɗi ke zama. Masunta da masu wanki a bakin tafki da masu ban ruwa a Jiratawa ba za a ce su bar ruwa ba, abincinsu ke nan, amma yaron da ya ga jini a fitsari ba girma ya yi ba kamar yadda wasu ke faɗa, magani yake bukata, kuma akwai shi.

Sai mai yankan farce, abokin kowa. Muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu ya ratso yana kaɗa almakashi, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kowa ya miƙa ƙafa kamar sarki. Da ƴar askar nan guda zai bi mu mu bakwai, ya shafa kumfa da ɗan soso, ya ƙwaƙule gefe da gefe har sai ya taɓo nama, mu kuma muna lumshe ido muna cewa yaron nan ya iya aiki. In jini ya ɗan fito ya danna da yatsa ya wuce kan na gaba. Mu da ba mu yarda mu sha ruwa a kofin baƙo, ga mu muna musayar jini a bakin titi, ciwon hanta kuwa ta irin wannan hanya yana wucewa. Ƙwaƙular gefen nan ma da muke jin daɗi ita ke sa farce ya tsiro ya nutse cikin nama. A yanke shi a miƙe, kada a bi lungu, kuma kowa ya riƙe rezarsa; ba a hana yaron nan sana'arsa ba, a miƙa masa sabuwa kawai.

Duk wannan abin dariya ne har sai an zo kan gyambon da ya ƙi warkewa. A nan muke da amsa biyu da ba su taɓa ƙarewa, ko dai sanyi ne, ko kuma an ɗauki sawun mutum. Wani dattijo a unguwarmu, mutumin kirki mai garka, ya dawo gida wata rana da yamma, jikarsa ta ce, "Baba, jini a takalminka." Aka duba, ashe ƙaramar ƙusa ce ta huda tun safe, ya yini a kanta bai ji ba. Da farko har yabonsa aka yi, aka ce ka ga ƙafar mazan jiya. Miki ya ƙi rufewa, aka yi wata biyu ana jiƙo ana turare ana lissafin waɗanda suka taɓa yin faɗan iyakar gona da shi, sai da wari ya fara fita aka ɗauke shi zuwa Maraɗi. Suga ce. Ta daɗe a jikinsa tana cinye jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, tana rage jinin da ke sauka ƙafa, shi kuma yana jin ƙafar na yi masa yam-yam da dare kamar tururuwa na bi, yana cewa sanyi ne. Ya dawo da ransa, yatsu biyu suka rage a can. Mu kuma da muka je gaishe shi muka zauna a ƙofar gidansa muka sha shayi zagaye uku, kowane da sukarin da cokali zai iya tsayawa a ciki, muna cewa Allah Ya kiyaye gaba.

Abin kunyar shi ne, ilimin da zai tsare ƙafar dattijon nan yana nan a bakin ƙofarmu shekara da shekaru, muna wuce shi a mota. Ɗanja nake nufi, nan kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, inda mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin kuturta tun 1956. Mun taso muna jin wai cutar ce ke gutsure yatsu. Wani likita ɗan Ingila mai suna Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya nuna cewa akasari rashin jin zafi ne ke jawo ɓarnar, mutum ya taka ƙaya ko wuta bai sani ba, ya ci gaba da takawa a kan miki har ya ci ƙashi. Ita cutar kanta tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya. Amma jin da ya riga ya tafi ba kasafai yake dawowa ba, don haka ake koya wa mutum ya sa ido ya yi masa aikin da jijiya ta daina.

Na san wani tsoho da ya yi jinya a can tun yana saurayi. Kullum bayan la'asar za ka same shi a gindin bedi da ƴar robarsa ta ruwa, ba mai zafi ba, ya tsoma ƙafafu ya bar su su yi laushi, ya ɗauko dutse ya goge kaushin a hankali, ya shafa mai tun fatar na da danshi, sannan ya ɗauko wani fasasshen madubi ya duba tafin lungu-lungu, ya buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya sa takalmi sai ya kife shi ya bubbuga, ya zura hannu ya laluba. Muna yara mukan tsaya daga nesa muna nuna shi da baki, iyayenmu na hana mu matsawa. Da na girma na zauna kusa da shi wata rana, ya dubi ƙafata ya girgiza kai, ya ce, "Yaro, ni tawa ba ta ji, shi ya sa nake duba ta. Kai taka tana ji, tana ta yi maka magana, ka toshe kunne." Na duba tasa na duba tawa. Wallahi babu tsaga ko ɗaya a dunduniyarsa, tawa kuwa kamar bangon da damina uku ta wuce a kansa ba yaɓe.

Mai suga dai nasa da ɗan bambanci, likitoci ba su son ya riƙa jiƙa ƙafa tana daɗewa a ruwa, wankewa kawai da tsanewa, mai a dunduniya da tafi ban da tsakanin yatsu, ba reza, ba tafiya huhu ko a tsakar gida, kuma da hunturu kada ya miƙa ƙafa bakin wuta, don tana iya gasuwa yana hira. Ɗan ƙurji ko canjin launi in ya gani, washegari likita, ba sai an gama lissafin maƙiya ba. Sauranmu kuwa da ke da sauran ji, robar ruwa da dutse da man kaɗe ba su kai kuɗin katin waya na kwana biyu ba, kuma mu ne fa masu cewa zumunta a ƙafa take.

Yau bayan lisha, kafin a kashe fitila, kowa ya tanƙwaso tasa ya haska ya gani. Wanda tumbi ya hana ya kira jikansa ya duba masa. Ni na sayi gwangwanin man kaɗe nawa na kaina, na ɓoye shi bayan rediyo don kada ƴan fada su ji labari. Juma'a mai zuwa a sahun baya zan tsaya, kuma zan duba.